Zuwa ga Kaboyin Gidanmu na Maamobi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Yaya Awudu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ya sanyin Amurka? Mu nan unguwar Maamobi sai godiya. Mma da sauƙi, ƙafar ce dai ke damunta in an yi ruwa. Na sa wannan wasiƙa a fili ne saboda ka ƙi ɗaukar wayata. Duk wanda ya leƙo ya karanta, kai ka jawo.

Ranar Juma'ar da ta wuce Kawu Isaka ya shigo mana da wani mutumin kamfanin masu gina dogayen benaye. Mutumin ya sa sabon kaftani, ko layin ninki bai baje ba, ya zo da goro da buhun shinkafa. Ya durƙusa yana ce wa Mma "uwarmu", bakinsa na gaisuwa, idonsa na auna katanga. Da na raka su ƙofa sai Kawu ya ja ni gefe ya ce magana ta ƙare, kai babban ɗa ka amince ta waya a sayar da gidan Baba. Wai za a ba mu fili can bayan garin Kasoa, nesa da birni, inda iska ke kaɗawa. Iska! Ita za mu dama koko da ita?

Ka tuna lokacin da kake shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa? Ni ce nake yi maka tambayoyin ta waya kana amsawa. A ciki akwai wadda aka ce ka faɗi sunan ƙabila ɗaya ta mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Ka haddace "Cheroki" kamar ɗan makarantar allo, ka ci jarrabawarka, ka turo mana hoto riƙe da 'yar tuta kana washe baki. Kai ka wuce wurin. Ni kuwa sunan ya tsaya mini a rai, na bi shi na yi ta karantawa, har na gwammace ban karanta ba.

To bari in faɗa maka abin da ba su tambaye ka ba. Mutanen nan suna da gonakinsu da makarantunsu, suna da rubutunsu, har jarida suke bugawa da harshensu. Duk abin da Bature ya ce shi ne wayewa sun yi. Sai aka ga zinariya a ƙasarsu, aka ga ƙasar tana yin auduga. Shi ke nan, shugaban Amurka na lokacin, wannan mai doguwar fuska da ke jikin takardar dala ashirin, gashi a tsaye kamar wanda lantarki ya ja, ya matsa aka yi dokar kwashe su zuwa yamma. Wai don tausayinsu! Wai don su huta da fitinar Turawa. Shi ya kawo fitinar, shi ne kuma mai tausayin. Tir da wannan tausayi.

Shugabannin wancan zamanin har "'ya'yana" suke kiransu, su kuma a kira su babban uba. Uban wa? Mutanen suka kai ƙara babbar kotun ƙasar, suka yi nasara, aka naɗe hukuncin aka ajiye kamar tabarmar baƙo. Manyan mutane ke nan, masu kwat da hular malafa, masu jawabi a kan 'yanci, waɗanda har yau ake kai yara su ga gumakansu. Wallahi ɓarawon waya a tashar motocin haya na trotro ya fi su mutunci, shi dai ba ya tsayawa ya yi maka huɗuba kafin ya zare.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba, Yaya. Da jama'ar suka ƙi tashi, ba a fara da bindiga ba. An nemi 'yan tsiraru daga cikinsu, 'yan gida, masu jin Turanci, waɗanda ba wanda ya aike su, aka ce su sa hannu a madadin kowa. Suka sa. Wasunsu ma sun ɗauka alheri suke yi wa danginsu. Daga nan sai soja suka zo da takarda suna cewa ai ku kuka yarda. Aka kora tsofaffi da masu goyo a ƙafa cikin sanyi, dubbai suka mutu a hanya, aka bar kaburburan iyaye a baya. Ƙasar yamman da aka rantse musu tasu ce har abada, ita ma daga baya aka bi su aka yanyanke ta.

Yanzu ka dubi taswira ka faɗa mini ta ina Kasoa take daga Maamobi. Yamma ce. Ka kuma faɗa mini wa ya aike ku, kai da Kawu. Kawun da ya rabu da kwana a gidan nan tun kafin in yi wayo, yau shi ne bakin gida.

Na san abin da za ka ce. Na ji ka faɗa a wayar Kawu, ya sa ta a fili: "Haba, Maamobi ƙazanta ce, ku fita ku sha iska." Mun ji, ranka ya daɗe. Kwatar nan da kake toshe wa hanci daga New York, a bakinta ka koyi tafiya. Mma a ƙofar gidan nan take sayar da koko da ƙosai tun kafin a haife ka, da shi aka biya maka makaranta. Masu sayen kokonta suna nan, masallacinta yana nan, ƙawayen da za su yi mata wanka in ta cika suna nan. A bayan Kasoa wa ya san ta? Masu hayan ɗakunan baya kuwa ko ambatonsu ba a yi ba, kamar kaji ne.

Ka tuna ɗakin bidiyon lungun mahauta? Kai ke kai ni, mu zauna a benci muna kallon fim ɗin kaboyi. Duk sanda ɗaya daga mutanen nan da Turawa suka tarar, mai gashin tsuntsu a kai, ya faɗo daga doki sai ɗakin ya ɗauki tafi da ihu. Muna dawowa gida kai ne kaboyi, da hular kwali da bindigar kara. Ni kuma ka tsinto gashin zabo ka ɗaura mini da tsumma, ka zana mini gawayi a kumatu. Ban taɓa yin kaboyi ba ko sau ɗaya. In na ƙi mutuwa sai ka buga ƙafa ka ce, "Ke Salamatu, ki faɗi mana, na harbe ki!" Sai in faɗi, domin kai ne Yaya.

Amma ban manta sauran ba. Kullum in na faɗi kai ke dawowa ka ɗaga ni, ka kaɗe mini riga kafin Mma ta gani. Ranar da na faɗa kan fasasshiyar kwalba, ka yar da hular, ka goya ni da gudu har asibiti, kana kuka fiye da ni. Kai ka sha dukan ranar. Tabon yana nan a gwiwata. Wannan yayan nake rubuta wa, in yana nan.

Mma ba ta san da hannunka a ciki ba. Ta ɗauka aikin Kawu ne shi kaɗai. Da baƙon ya tafi, ta sa aka mayar masa da shinkafarsa, ta ce, "Ku bari Awudu ya ji, zai yi maganinsu." Har yanzu ita ke share ɗakinka da kanta, da ƙafar nan tata. Ban iya buɗe baki na faɗa mata ba. Amma ka san Maamobi, tunda na rubuta wannan, kafin Juma'a wata za ta zo sayen koko ta kai mata labari. Ka riga su. Ka kira mutumin kamfanin ka janye maganarka, sannan ka kira uwarka, domin abin da za ta ji daga bakinka ya zama abin da take jira.

In kuma ka ƙi, to ka sani masu awon fili za su same ni zaune a ƙofar gida kusa da tukunyar Mma. Ba zan sa hannu ba, ba za ta dangwala yatsa ba. Ka harba iya harbinka, Yaya, wannan karon ba zan faɗi ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Allah ya ƙara wa Mma lafiya, ya bar ta a ɗakinta har ranar da zai kira ta. Kai kuma Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya raya maka zuri'a, ya juyo mana da zuciyarka gida. Amin.

Wayata tana kunne.

Ƙanwarka mai gashin zabo,
Salamatu