Guɗar da Na Yi wa Saude

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. 'Yarki Rabi ce ke gaishe ki, a durƙushe, kai a sunkuye, yadda kika koya mini gaida manya. Ina fata kina cikin ni'imar Ubangiji, makwancinki da sanyi da yalwa. Na san wasiƙa ba ta kaiwa inda kike. Amma tunda maganata ta riga ta zagaye Batsari, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa a zaure da cikin waya, gara in faɗa miki da kaina. Wanda ya ga dama ya leƙo ya karanta, ban rufe ba.

Inna, na dawo gida, kuma na yi guɗa.

Kin bar ni ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata can Gambiya, kuma har watan jiya ina can. Saude ce ta dawo da ni. Sauden da kika sani, aminiyata tun muna tallan dafaffiyar gyaɗa a bakin tasha, Allah ya kawo mata miji. Nasiru sunansa, tela ne a Safana, mutum mai sanyin magana. Kin san abin da ya zaunar da ita har muka haura talatin: jinyar babanta, tun ranar da aka ƙone ƙauyensu na wajen Ruma ya baro da kayan jikinsa kawai. Bara Allah ya karɓi abinsa. Dangin uban duk sun watse, don haka ƙanenki, Kawu Sale, shi ya tsaya mata waliyyi.

Da ta kira ni ta faɗa mini, na yi ihu har maƙwabciyata ta leƙo. Sai Saude ta ce in rufa mata asiri kada in zo. Wai wanda ya dawo daga ƙasar waje yanzu kallon buhun kuɗi ake yi masa, kuma masu kai wa 'yan daji rahoto a cikinmu suke, tare ake sallah da su. Na ce to bikin fa? Ta yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba, ta ce, "Ba biki za a yi ba, Rabi. Kai ni kawai za a yi."

Kalmar nan ta ƙi fita daga kunnena. Ina gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane, ita nake ji. Kaya ake kaiwa, Inna. Gawa ake kaiwa. Saude ta yi shekara da shekaru tana wanke tsoho, tana ɗinkin hula har idonta ya fara gajiya, kuma ranarta ɗaya a duniya a ce kai ta kawai za a yi?

Ke kika ɓata ni, ai. A gidan mai guɗa na tashi. Babu amaryar da aka fitar a unguwarmu, babu jaririn da aka raɗa wa suna, sai an aiko a ce Inna ta zo. Kina tsayawa a tsakar gida, ki gyara ɗaurin zane, ki kama hanci da yatsu biyu, ki ɗan kwantar da kai, sai ki sake ta. Daga rijiyar bayan masallaci nake gane taki cikin ta mata goma.

Kina cewa guɗa ba ado ba ce, shaida ce. Ana yin ta ne don gari ya ji cewa yarinyar nan ta ƙofa aka shigo da ita, da iyayenta, da mutuncinta. Ni kuwa duk lokacin da na gwada sai ki riƙe ciki kina dariya, ki ce tawa ta akuya mai mura ce, in je in kama boko ya fi mini. Saude na gefe tana cewa ita dai ranar aurenta Inna za ta yi mata, ba ta son ta Rabi. Kika ce in dai kina numfashi.

Ba kya numfashi, Inna. Shi ya sa na sayi tikiti ban faɗa wa kowa ba.

Da kin gan ni a tashar Katsina da kin rantse ba 'yarki ba ce. Akwatina na bari a Kano wurin wata ƙawa. Na sa tsohon hijabi da ya koɗe, da silifa, na zuba tsummokarana a jakar bakko, na ɗora ƙullin barkono a sama. Wata dattijuwa a cikin bas ta tambaye ni 'yar gidan wane ne, na ce Karare za ni gaisuwar rasuwa. Ta yi mini ta'aziyya har da addu'a, na karɓa ina jin kunya. Muna ta hira har muka kai wani wuri da daji ya matso hanya, sai motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo, kowa ya kama salati a ciki. Wata mai goyo ta cusa wa ɗanta nono tun bai nema ba. Sai da rufin kwanon Batsari ya bayyana mutane suka dawo da numfashi.

Na wuce ƙofar gidan bikin ban gane ba. Babu rumfa, babu tabarmi a waje, babu tukunya a kan murhu. A ɗaki ake girkin, kaɗan-kaɗan, kada hayaki ya tona. Kayan ɗakinta ma ashe tuni aka kwashe su zuwa Safana a buhunan gero, yau ɗaya gobe ɗaya, a bayan babur.

A ƙuryar ɗaki na same ta, an ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa, an ɗaure da leda. Na yi sallama da muryar tsohuwa na zauna kusa da ita, sannan na yaye hijabi. Inna, ta buɗe baki ta kasa rufewa. Tana son ta rungume ni, tana son ta mare ni, lalle ya hana ta duka biyun. Sai ta dinga buga mini goshi a kafaɗa tana kuka ƙasa-ƙasa, tana ce mini mahaukaciya, mara jin magana, 'yar banza mai taurin kai. Ni na share mata hawaye, ni na fyace mata hanci, na ce ai abin da ya kawo ni ke nan.

Kawu Sale ya shigo bayan La'asar. Kin san abin da ya same shi bayan rasuwarki? Ba ki sani ba. 'Yan daji sun tare shi a hanya yana dawowa daga wani ɗaurin aure, suka shiga da shi daji. Sai da aka sayar da gonar gado da shanun huɗa kafin ya fito. Har yau ba ya iya miƙe yatsun hannun hagu. Ya dube ni ya daɗe, ya amsa gaisuwata a taƙaice, sannan ya kafa mana doka: mota ɗaya, da hantsi, mata kaɗan, ba waƙa, ba danna odar mota, ba guɗa. Da ya zo kan guɗar ni ya kalla.

Ban dai yi masa alkawari ba.

Washegari haka aka yi. Aka fito da Saude ta ƙofar baya an lulluɓe ta da mayafin zuwa kasuwa. Kawu ya zauna gaba kusa da direba. Muka kama hanyar Safana, gonaki na wucewa, rabi an nome, rabi ciyawa ta cinye. Hannunta na cikin nawa, sanyi ƙalau. Na tuna yadda ake cika motoci a zamaninki, 'yan mata na waƙa har murya ta dishe, yara na bin mu da gudu. Mu tarin direba kaɗai muke ji.

A ƙofar gidan Nasiru dangin miji suka tarbe mu da raɗa, suna yafito mu da hannu, maza-maza ku shigo. Aka kama Saude za a tsallaka da ita dokin ƙofa. Sai ta tsaya. Aka ja, ta ƙi. Matan suka ɗauka irin jan ajin amare ne, wata har ta fara kwance bakin zane za ta ba ta tukwici. Saude ba ta ko dubi wurin ba. Ta juyo da kai wajena, ta ƙarƙashin mayafi ta ce, "Ba zan shiga kamar ɓarauniya ba. Ki yi mini, ko ta akuyar ce."

To, Inna, me kike so in yi?

Na gyara zane. Na kama hanci. Ta farko ta fito a karye, wallahi da kina nan da kin faɗi ƙasa don dariya. Na ja numfashi na sake, ta biyun ta ɗan miƙe. Kafin in ƙarasa sai na ji wata ta karɓa daga bayan katanga, muryar tsohuwa, tana rawa amma ta san hanya. Wata ta ɗauka daga gidan da ke kallon namu. Uwar ango, wadda tun ɗazu take cewa a yi a hankali, ta saki hannun amarya ta kama nata hancin. Na daina gane ta wace ce, unguwa duk ta ɗauka. Saude ta ɗaga ƙafar dama ta yi bismillah ta shiga ɗakinta, kafaɗunta a miƙe.

Da na fito na tarar da Kawu jingine da mota, fuskarsa ta yi fari. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ke jirgi za ki hau. Mu a nan za mu kwana."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye miki ba. Gaskiya ce ya faɗa, kuma da jikinsa ya saye ta. Amma ni ma ina da tawa. Ranar da aka ƙone ƙauyen su Saude ba biki ake yi ba. Waɗanda aka ɗauke a gona ba waƙa suke yi ba. Mun yi shiru, mun rage murya, mun daina kunna fitila, mun koma aurar da 'ya'yanmu kamar masu laifi, kuma duk da haka ba a bar mu ba. Sun karɓi shanu, sun karɓi gonaki, sun karɓi barci. Muryar mata kuma ba su ma tambaya ba, mu muka miƙa musu da kanmu. Ni ban yarda da wannan kyautar ba.

Abu ɗaya na yarda da shi a maganar Kawu: wanda ya yi guɗa ya tsaya ya kwana inda ya yi ta. Don haka ban hau jirgin ba. Na sanar da makaranta cewa ba za su gan ni a buɗe zango ba. Shugabar ta ce ba za ta iya riƙe mini gurbi ba, na ce na gode, Allah ya ba yaran wadda ta fi ni. Ina son aikin nan, Inna, kin san wahalar da na sha kafin in same shi, kuma na yi kukansa. Yanzu ina Safana, a ɗakin uwar ango nake shimfiɗa tabarma. In babur ya wuce da gudu, gabana yana faɗuwa kamar na kowa. Zuwa yau lafiya lau muke. Ban ce jarumtata ce ba, Allah ne ya tsare, gobe ma shi muke roƙo.

Masu cewa boko ne ya ɗebe mini kunya, su sani ba a aji na koyo wannan ba, a bayanki na koyo shi. Masu cewa na zo nuna isa, su zo su ga silifan da nake yawo da su. Ban nemi afuwar kowa ba, kuma ko ke ba afuwa na zo nema ba. Kewarki ce ta ishe ni. Lokacin da tsohuwar nan ta karɓa daga bayan katanga, sai da na waiwaya ina neman fuskarki.

Jiya Kawu ya aiko mini cewa in na ƙara, kada in sake taka masa gida. Ƙanenki ne, shi ya rage mini a ɗakinku, kuma saƙon ya yi mini ciwo. Yau da safe kuma wata mata daga ƙarshen layi ta yi sallama. 'Yarta ta haihu bayan ɓari biyu, gobe suna. Ta daɗe tana murza bakin mayafi kafin ta ce ta ji an ce 'yar mai guɗar Batsari tana gidan nan.

Na ce mata ta ajiye mini wuri a tsakar gida.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya zaunar da Saude a ɗakinta lafiya, ya ba su zuriya mai albarka. Allah ya warkar wa Kawu hannunsa da zuciyarsa, ya huce da ni ko ba yanzu ba. Allah ya dawo mana da hanyoyinmu da gonakinmu, ya kawo ƙarshen wannan masifa. In kuma ya ƙaddara haɗuwarmu ta matso, to ki saurara, ba a ɓoye zan zo miki ba.

Taki har kullum,
Rabi