Ɗaki Na Huɗu A Kwamfutar Shago

Da sunan Allah. Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafafu ne suka gaji, kai kam yana nan daram, kada wani ya ce ciwo ne ke magana.

Na ɗaya. Shagon buga katuna naku ne ku uku: kai Babba, ke Malama, da Auta. Ban yarda a sayar ba, ban yarda a raba ba. Firintar nan mai tari ma a bar ta, ta fi wasunku jin magana.

Na biyu. Kwamfutar shago ta zauna yadda na raba allonta gida huɗu, da nake kira ɗakuna, kowane aiki da nasa. Ɗakin farko na katin biki da suna. Na biyu na sanarwar rasuwa. Na uku na saƙonnin masu kawo aiki. In ka gama da ɗaya, ka zarce na gaba, kada ka jawo tagar wani aiki, wato shafinsa da ke buɗe a allo, cikin wani ɗakin.

Kun san abin da ya koya mini wannan. A da komai a allo ɗaya muke jibgewa, taga kan taga kamar wankin da ba a ninke ba. A haka Auta ya ɗauko hoton wani ango ya buga a sanarwar rasuwa, har aka manna a bango. Uwar angon ta zo shago tana kuka. Kai Babba ka zage shi tas a gaban mutane, ya ajiye makulli ya fita, har yau bai sake taka shagon ba. Abin nan yana cina a rai.

Na uku. Ga hukuncina, kuma ba shawara nake nema ba. Rabin tagogin da ke buɗe a ranar naka ne, Babba, na gani da idona. Tarkacen na kowa ne, Auta dai hannunsa ne ya faɗa ciki. Kai za ka je wurinsa da ƙafarka, ba ta waya ba. Malama, ki raka shi, don na san bakin yayanki.

Na huɗu. Ɗaki na huɗu na Auta ne. Akwai zanen tambarin shago da ya fara bai ƙarasa ba. Kullum da safe in na kunna kwamfuta, shi nake fara buɗewa, in bar shi a nan, sannan in shiga aikina. Ban taɓa masa ko layi ɗaya ba. Daga ranar da ba ni, Babba, kai za ka riƙa buɗe shi, kafin ka taɓa aikin kowa.

Auta, na san za ka zo, ni na haife ka. Ka ƙarasa zanen, a ɗaga shi a saman ƙofa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya ba ku masu yi muku. Na yafe muku duka. Ɗaki huɗu ne, amma kujerar guda ɗaya ce, sai ku riƙa tashi kuna ba juna.