Saƙonki Da Na Kasa Buɗewa

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fatan wannan wasiƙa ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinki. An naɗe tabarmi, baƙin unguwannin Agla da Avotrou sun koma gidajensu, Zongo ya ci gaba da hayaniyarsa kamar ba a rasa kowa ba.

Inna, kin san ni da littattafan soyayya. Sau nawa tuwo ya kama a tukunya ina zaune da littafi a cinya? A cikin wani na karanta labarin wata ƙasa mai sanyi, inda teku ke kutsawa tsakanin dogayen duwatsu, masoya su yi tafiyar yini a babbar mota, sannan su shiga jirgin ruwa su ratsa wurin su biyu. Na dami surukinki da zancen har ya gaji. Ya ce shi direban tirela ne, Malanville ce iyakarsa, amma ya san wani wuri gaba da Grand-Popo inda kogi ke haɗuwa da teku, zai kai ni.

Ranar Juma'a na zo na gaya miki, kina tsince shinkafa a faifai. Ba ki ɗago ba kika ce, "Mai ciki wata biyar ba ta hawa ruwa, ke 'yar nan." Na ce ai wannan zancen mutanen da ne. Na faɗa da ƙarfi, a gaban Gwaggo Rabi ƙanwarki. Na ɗauki mayafina na fita, ban ce miki sai gobe ba.

Da safe ni da surukinki muka hau kar, wato bas, a tasha. Muna wuce Godomey na karɓi wayarsa, na haɗa da tawa na kashe, na tura su ƙasan jaka. Na ce masa a littafi babu mai kiran masoya a irin wannan rana. Ya yi dariya ya bar ni.

Ba zan ɓoye miki ba, wurin yana da kyau. Babu duwatsu, babu sanyi, amma ruwan ya kwanta luf, itatuwa sun tsaya da saiwoyinsu a cikinsa, mata suna dafa gishiri a gaɓa. Mai kwalekwalen da muka hau ya kashe inji ya ce mu saurara. Daga nesa muka ji rurin teku. Na jingina da kafaɗar surukinki, yaron cikina ya motsa, na ce a raina yau na shiga littafi.

A daidai lokacin nan ake yi miki wanka.

Sai bayan la'asar, a cikin kar ta dawowa, na kunna wayoyin. Kiran Gwaggo, kiran Sani ƙanena, kiran maƙwabta, har lambobin da ban sani ba. Sun ce kin faɗi a bakin rijiya da hantsi. Sun jira ni har azahar, liman ya ce ba a ajiye gawa don wanda ba a san inda yake ba. Ni ce 'yarki ta fari, ni ya kamata in zuba miki ruwa, in gyara miki likkafani. Gwaggo ce ta yi. Ko fuskarki ban gani ba.

A cikin tarin kiran nan akwai saƙon murya guda, naki, wanda kika turo da safe muna hanya. Kwana arba'in ina kallonsa. Na san kalma ta ƙarshe da na faɗa miki, ina tsoron in ji ta ƙarshe da kika faɗa mini. In da fushina kika tafi, ina zan same ki in durƙusa? Na daina karatu. Littattafan suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Surukinki ya ce in ba shi ya fara saurara, na hana.

Yau da safe ina shara, yaron ya yi wani motsi mai ƙarfi har na zauna. Na ɗauko wayar na danna.

Na fara jin kukan akuyarki, da ƙarar bokiti, da ke kina tambayar wani ko abin ya fara ɗauka. Sai kika ce, "Ke 'yar nan, tunda kin ƙi ji, to ki zauna a tsakiyar jirgin, ban da leƙe. Ki rufe cikinki da zane, ruwa akwai iska. In kun dawo ki biyo, na ajiye miki dambu."

Shi ke nan. Ko a nan ba ki kira sunana ba, kunyar ɗan fari ba ta bar ki ba.

Inna, a tsakiya na zauna. Ban ji saƙonki ba, amma wallahi a tsakiya na zauna. Biyowar ce ban yi a kan lokaci ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi fiye da ruwan da na je kallo. Ya sauke ni lafiya, in mace ce ta ci sunanki, ni ma in riƙa ce mata 'yar nan. Ki yafe mini, Inna. Amin.

'Yarki ta fari,
daga ɗakina a Zongo.