Ta Mayar da Ni Kura a Littafi na Biyu

Tanti Rahina, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ina da tabon ƙuna a kunci tun ina yarinya. Aliya, ɗiyar ƙanen babana, tana rubuta labaran aljanu na matasa, ana karantawa a waya. A littafinta na farko akwai yarinya mai irin tabona, tabon ne ke haskawa ya buɗe mata ƙofar garin aljanu a ƙarƙashin duwatsun Birni. Kowa ya san ni ce. A makarantarmu ta lise har 'yan ajinmu suka daina kawar da kai in na shigo.

Bana na ci jarrabawar bak ta shiga jami'a, ita ta faɗi. Ban yi mata gori ba, wallahi.

Sai ga littafinta na biyu ya fito. Wai ashe tabon tsinuwa ne, yarinyar ta rikiɗe ta zama kura, yara suna jifanta. Wannan ma da sauƙi. Wata rana na taɓa yi wa Aliya kuka, na tambaye ta ko akwai wanda zai so wannan fuska. Maganar nan ta sa a bakin kurar, aljanu suna dariya. Yanzu in na bi ta lungunmu, samari kukan kura suke yi.

Ni ma na san asirinta, wanda in babanta ya ji, ba za ta ƙara riƙe waya ba. Na rubuta masa saƙo, saura in tura. In tura?

Mai Tabo, Birni, Damagaram

'Yata, kada ki tura.

Abin da Aliya ta yi mugunta ce, ba zan sa masa wani suna ba. Faɗuwar jarrabawa tana da ciwo, amma ba ke kika kayar da ita ba. Marubuci yana da ikon juya labarinsa yadda ya so, har ya kashe wanda muke ƙauna. Kukan da aka yi masa cikin amana kuwa ba nasa ba ne.

In kin tona nata, kin ba ta hujja, dangi su ce duk ɗaya kuke. Ki same ta ku biyu, ki ce ta cire maganarki. In ta ƙi, ki kai wa gwaggonku ta karanta shafin da idonta. Daga nan ki gaishe ta a biki da suna, amma kada ki ƙara yin kuka a gabanta.

Jami'a na jiranki. Ki je da fuskarki a buɗe. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Tanti Rahina