Mota Biyu a Kan Allo

Litinin, 8 ga Janairu, 2024
Na koma makaranta yau, karon farko tun da na fita takabar Fa'izu. Na buɗe littafin lissafi, sai ga babin da ke gabanmu: mota ta taso daga wannan gari, wata daga wancan, a ina za su haɗu? Na rufe. Bitar bara na ba 'yan matan.

Alhamis, 11 ga Janairu
A hanyar Jahun hatsarin ya faru, shi daga Dutse, tifar yashi daga Gujungu. Na san nisan, na san lokacin da ya bar gida. Na buga lissafin nan har na gaji: da ya tsaya shan mai, da tifar ta wuce kwanar kafin ya iso. Kullum amsar daidai take fitowa, kuma ba ta dawo min da kowa.

Inna ta ga takardun. "Shamsiyya, kwana ne ya ƙare, ba gudu ba ne." Na sani, Inna. Hannun ne ba ya jin magana.

Talata, 16 ga Janairu
Na sake tsallake babin.

Litinin, 22 ga Janairu
Shugabar makaranta ta kira ni. A hankali ta yi magana, ni kuwa gara a ce faɗa ta yi. Jarrabawa ta matso. In ba zan iya koyar da babin ba, za ta ba Malam Nata'ala ajin, ni in koma zaman ofis. Yaran da nake rainonsu tun suna aji ɗaya. Ban da su me ya rage min?

Laraba, 24 ga Janairu
Na gwada ni kaɗai bayan an tashi. Layi ɗaya na ja a allo, na sa ɗigo a kowane gefe, sai na ajiye allin. Ba zan iya ba. Malam Nata'ala ya karɓi ajin kawai.

Litinin, 29 ga Janairu
Sallama na shiga yi wa 'yan ajin. Ban san yadda alli ya zo hannuna ba. Na zana mota biyu suna fuskantar juna, ɗalibata Mahbuba ta fito, ta ɗebe gudun ɗaya daga na ɗayar. Raina ya ɓaci, irin ɓacin da na manta.

"Masu fuskantar juna tara gudunsu ake yi. Sau nawa zan faɗa miki?"

"Malama, ai yau kika fara faɗa."

Aji ya tuntsure da dariya. Ba zan rubuta cewa har da ni ba. Na dai ba su aikin gida, kuma gobe ni zan duba.