Mama Guda, Masu Jego Biyu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya nauyin jiki, ya maigidanki? Allah ya raba lafiya.

Ga Mama nan na sa ta a mota, da wannan takarda a jakarta. Na rubuta ne don na san halinki. In na faɗa miki a waya, kafin ki ajiye kin manta rabi, sauran rabin kuma kin juya shi. Mama ta so ta yi gardama, wai ta yaya za ta bar ni da tsohon ciki ta tafi wani gari. Na ce mata, "Mama, ni ungozoma ce, a ɗakin haihuwa nake wuni, nan nake cin abincin rana. Wadda ke bukatarki ita ce telar nan da ke kuka in allurar keke ta taɓa mata yatsa." Kada ki ɓata rai, kin san ban yi miki ƙage ba.

To ki saurara. In ciwo ya fara, kada ki ruga asibiti kina ihu. Ki sha ruwa, ki yi ta zagaya ɗaki. Haihuwar fari tana jan lokaci, ki sa wannan a ranki tun yanzu. Kada ki yi nishi sai an ce ki yi. Sannan babban abin: da zarar ya faɗo, ki ce su ɗora miki shi a ƙirji, kafin a yanke cibiya, kafin wanka, kafin hannun kowa. A ɗakinmu wannan dokata ce, har tsokanata ake yi a kanta. Amma ni na san abin da nake gani. Matar da ta gama zagin mijinta da danginsa kaf, ana ɗora mata ɗan sai fuskarta ta sake, ta manta da mu gaba ɗaya. Duk shekarun nan da na yi ina karɓar na mutane, nawa bai zo ba, wannan lokacin nake hange. Yanzu saura ƙiris.

Ni kam na gama shiri. Na zaɓi gadon da ke kusa da taga, na zaɓi wadda za ta karɓi haihuwar, ɗalibata ce, ni na koya mata sa safar hannu. Ki aiko da rigunan jaririn da kika yi min alkawari, kada ki yi min irin ta teloli.

Ki huta lafiya.
Yayarki.

*

Yaya tawa,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa buhu-buhu. Kin ji a waya na sauka, namiji, amma kina bakin aiki ba ki tsaya kin ji labarin ba. To ga shi, tare da rigunanki. Ki duba ɗinkin, ki gani ko na yi miki irin ta teloli.

Yaya, ashe haka abin yake? Ina shago ina yanka yadin wata mata, na ji marata tana murɗawa. Na ɗauka waken da na ci ne. Na ci gaba da yanka, in ya murɗa in dafa teburi, in ya saki in ɗauki almakashi. Mama na zaune a kan benci tana tsinke min zare, ta dube ni ta ce, "Ke, ajiye almakashin nan." Ina cewa bari in ƙarasa hannun riga, sai faya ta fashe, a gaban mai yadin. Matar ta fi ni rikicewa, ita ta tare mana mota ba takalmi.

Duk abin da kika koya min na zagaya ɗaki da shan ruwa, ban samu damar yin ko ɗaya ba. Muna isa ungozomar ta duba ta ce, "Baiwar Allah, ai kai ya sauko, ina kika tsaya?" Mama ta riƙe min hannu, aka ce in yi nishi, na yi, na ƙara, sai kuka. Wallahi ciwon haƙorin da na yi bara ya fi ba ni wuya. Ko ɗinki ba a yi min ba. Na tuna maganarki na ce su ɗora min shi, suka ɗora.

Maigidan ya iso da gudu da jakar kaya, ya tarar ina shan shayi. Ya tsaya a ƙofa yana tambaya wai yaushe za a fara. Mama ta yi dariya har ta riƙe ciki.

In ni matsoraciya haka ta zo min, ke gwana ai tari kawai za ki yi. Muna jiran albishir. Ki gaida maigidanki, Yaya babba.

Taki har kullum,
Auta.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya raya mana ita. Ya jikin?

Mijinki ya gaya mana an yi miki aiki, kuma ke da yarinya kuna lafiya. Ya turo hotonta tun ranar, goshinki ne sak, da ɗan bakin nan naki na faɗa. Amma ke ba mu ji muryarki ba. Na kira har na gaji, Mama ta kira, kullum sai ya ce kina barci. Wane irin barci ne wannan da ba ya ƙarewa? An sallame ku, kin koma gida, har yanzu shiru.

Mama ta ce gobe za ta taho, sai ga shi ya bugo wai kin ce kada ta zo. Ta koma ta zauna a bakin gado. In wani laifi muka yi miki, ki faɗa. Na ba direban da ya saba kai mana saƙo wannan takarda, na ce kada ya dawo sai da amsa a hannunsa.

Ƙanwarki.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode da barka. Direbanki na tsaye a waje yana danna min oda, don haka zan rubuta yadda ya zo, kada ki nemi ladabi a ciki.

Ba barci nake yi ba. Ba na son jin muryarki ne.

Naƙuda ta fara min a wurin aiki, na ji daɗi, na ce ta zo gida. Na hau gadona na kusa da taga. Na wuni, na kwana, na sake wuni. Bakin mahaifa ya buɗe rabi ya tsaya cak. Ciwon da na sha kwatanta wa mata da baki, ashe ban san komai a kansa ba. Kamar ana raba min ƙugu da tabarya. Ihu kuma ban iya yi ba, don duk wadda ta leƙo ƙaramata ce a aiki, gobe ni zan ba ta umarni. Na yi ta cizon zani.

Kin san abin da ya fi ciwon? Sani. Ke kin shiga ba ki san komai ba, aka ce yi kaza kika yi. Ni kuwa ina kwance ina karanta fuskokinsu. Na'urar da ke jin bugun zuciyar yarinya tana gefen kunnena, na ji bugun yana ja da baya kafin su ji. Sai ɗalibata ta sassauta murya ta ce, "Anti, bari mu ɗan gyara miki kwanciya." Auta, wannan muryar ni na koya mata. Ita muke yi wa mace in ba ma so ta gane abu ya ɓaci. Na ce mata, "Bar wannan, kira likita." Ni da bakina na ce a kai ni tiyata. Lokaci ya ƙure, ba a tsaya allurar baya ba, aka sa ni barci gaba ɗaya.

Da na farka, an yi wa yarinyar wanka. An sa mata rigar da kika ɗinka, tana ƙamshin sabulu. Likita ya ɗauke ta, ɗalibata ta ɗauke ta, shugabarmu, mijina, ƙanwarsa, har mai goge ɗaki ta karɓa ta yi mata addu'a. Kukanta na farko kowa ya ji ban da ni. Ke da ke wani gari kin ga fuskarta kafin ni. Ni da na kafa dokar, ni ce ta ƙarshe a layi. Aka miƙo min ita a naɗe tsaf kamar saƙo, ga ƙarin ruwa a hannuna, ko rungumarta ban iya yi da kyau ba.

Sai 'yan barka. Wata ta ce, "Ikon Allah, ungozoma guda?" Wata ta ce Allah ya sa na gaba in haihu da kaina. Na yi murmushi na ce amin.

Na sake karanta takardarki, wadda da farko ta ba ni dariya. Ciwon haƙori. Shayi. Tari kawai zan yi. Ina ƙyashinki, Auta, ƙyashi mai zafi, irin wanda ban san ina da shi ba. Jiya-jiya kika yi aure, ba ki jira ba, ba ki yi kuka a banɗakin asibiti bayan kin miƙa wa wata ɗanta ba, amma ke aka ba abin da na roƙa, har da hannun Mama a kai. Na san ni na tura ta. Sanin bai rage komai ba.

Kada ta zo. Ba zan iya zama tana ba ni labarin sauƙin da Allah ya yi miki ba. Ki shafa min kan yaron, shi ba ruwansa.

Yayarki.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta. Na yi kuka, sannan na ji haushi, kuma haushin ne ya riƙe biron nan.

Na ce miki an ɗora min shi a ƙirji. Kin lura ban ƙara komai a kai ba? Ni da ba na iya gajarta labari? To ga sauran. An ɗora min wani abu mai zafi, mai santsi, yana tsala ihu. Na kwanta ina jiran abin da kika yi min alkawari, fuska ta sake, in manta da kowa. Shiru. Na kalli fanka, na kalli agogon bango. Na ce, "Don Allah ku ɗauke shi, zan yi amai." Abin da na fara faɗa a kan ɗana ke nan. Ungozomar ta yi dariya, ni kuwa har yau ban daina jin kunya ba.

Na ce wataƙila sai mun koma gida. Muka koma. Nono ya tsage, in ya kama sai na runtse ido. Ina yi masa komai, ina wanke shi, ina canza masa, amma kamar kayan mutane da aka ba ni ajiya nake jin sa. Jiya ne kawai ya yi atishawa ya tsorata kansa, na yi dariya, na ji wani abu ya motsa. Kaɗan fa. Ban gaya wa kowa wannan ba, ko maigidan, don kowa cewa yake na ci sa'a.

Ke kuwa mijinki ya ce ba kya bari kowa ya taɓa ta. Wai da ɗinki a cikinki kike miƙewa in ta yi motsi, wai abinci yana hucewa kina kallonta. Da na ji haka sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Kin rasa sa'a guda, Yaya, ban raina ta ba. Amma abin da ake nema a cikin sa'ar yana hannunki, ni kuma ina nan ina leƙensa.

Hannun Mama da kike magana, bari ki ji. Ina tsakiyar nishi, tana riƙe da ni, ta ce, "Ko yayarki ta ci abinci yau?" Wallahi haka ta ce. Tun da aka ce an shiga da ke tiyata jakarta ke bakin ƙofa, da mayafi take wuni. Tana yi wa yaro wanka tana kallon waya. Da ma can haka ne, ni ake lallashi, ke ake ji da ke. Jikinta kika aiko min, sauran yana wurinki.

Don haka ga ta nan, ita za ta miƙa miki wannan. Ban nemi izininki ba. Ina tsoron wankan yaron nan ni kaɗai, amma zan koya. In kin isa ki kore ta.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Mama ta iso lafiya. Ban kore ta ba. Ta duba ɗinkin, ta ɗora kaina a cinyarta, na yi ihun da na hana kaina a asibiti.

Abin da kike ji ba baƙo ba ne, na sha gani, kuma laifina ne da ban taɓa gaya miki ba. Son ɗa yana zuwa a hankali. In ya ƙi, akwai abin yi, amma ba a takarda ba.

Yanzu kuma ga sabuwa. Tun safe Mama ke tambaya ko kin iya gwada zafin ruwa, ko yaron ya sha, ko kin ci abinci. Ta kira 'yata da "ɗan saurayi" har sau biyu. Haushi kamar ya kashe ni.

Ki rufe shagon, ki naɗo yaron ki taho, an gyara miki ɗakin baƙi. Kishin bai tafi ba, kada ki zo da wannan tsammanin. Amma gara in yi shi ina kallonki.

Sai kin iso.
Yayarki.