Jinin Gwaggo Dije Zai Tafi Yamai

Daren Talata, Dogon Dutsi

Lokotoro, likitan ido, ya ce sai an fara gwada, a Yamai, jinin wanda ya makance kafin a san ko ɗiyata ta gaji hawan jinin idon gidanmu. Wato jinin Gwaggo Dije, wadda ta ce aljana doguwa ce ta ɗauke mata gani. Na tafi garinta Dumega da dogon jawabi irin na jami'a. Ko rabi ban kai ba ta miƙo hannu.

"Ke 'yar boko, rage surutu. In doguwa ce, ba su ganinta cikin kwalba. In ba ita ba ce, a ɗiga wa jikata magani da wuri."

Sai dai ta ce in sayo baƙar kaza, kada doguwar ta ji haushi. Na sayo mai ƙiba.